Daga Bakin Kogi Zuwa Gidan Kallo: Yadda Wasa Ya Kuɓuce Wa Yaranmu a Nguru da Gashuwa

Abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar gardama ce da ta tashi tsakaninmu wata ranar Juma'a bayan La'asar, a kan wani fili da ke bayan unguwa inda yara ke buga tamaula, wanda aka ji ƙishin-ƙishin za a yanka shi fuloti-fuloti a sayar. Wasu daga cikinmu suka ce a tashi tsaye a hana. Wasu kuwa suka ce haba, a kan wasan yara ne za mu sa manyan riguna mu je mu tsaya gaban hukuma? Ana cikin haka sai wani dattijo, wanda ya ba saba'in baya amma har gobe a kan keke yake zuwa gonarsa ta fadama, ya ce shi dai sa'ad da yake tasowa bai taɓa jin an ware wa yaro filin wasa ba, domin garin ne gaba ɗaya filinsu, har da kogin. Maganar nan tasa ce ta sa muka ga ya kamata a waiwaya baya, a ga yadda aka yi garin da a da duk fili ne ya koma sai an yi jayayya a kan ɗan abin da bai kai gayauna ba.

Kowa ya sani mu baƙi ne a nan, ko da yake baƙuncin ya tsufa har ya yi jikoki. Nguru ƙasar Mangawa ce, kuma tun ƙarni na 17 Galadiman Barno yake da mazauni a cikinta, yana tsaron yammacin daular. Gashuwa kuwa ta Badawa ce. A Gogaram Mai Bade yake zaune, birnin da Lawan Babuje ya kewaye da ganuwa wajen 1825, sai a 1946 aka dawo da fada Gashuwa, zamanin Mai Umar Sulaiman. Fatake da almajirai daga ƙasar Hausa sun daɗe suna ratsa wannan yanki a kan hanyarsu ta zuwa Gabas, amma abin da ya tara kakanninmu da yawa a wuri guda shi ne jirgin ƙasa. A 1930 hanyar dogo ta iso Nguru daga Kano, tafiyar mil 143, ta tsaya nan ba ta wuce ba. Saboda haka gyaɗa da ƙaro da fata da ƙirgi da busasshen kifi da nama na wannan yanki duka, har da na ƙetaren iyaka, sai sun zo Nguru kafin su shiga tarago. To, inda kaya suka taru nan mutane ke taruwa. Sai ga Kanawa da Haɗejawa da Katsinawa da Damagarawa, dillalai da 'yan koli da mahauta da 'yan dako da maɗinka, ga kuma masu neman karatu da suka biyo manyan malamai irin su Shehu Muhammadu Gibrima, wanda ya rasu a 1975. Haka Hausari ta cika a Nguru, haka kuma unguwar Sarkin Hausawa da Zango suka cika a Gashuwa.

'Ya'yan waɗannan mutane su ne iyayenmu, wasunmu ma mun riski ƙarshen zamanin. Ba wanda ya taɓa ce musu su motsa jiki. Kalmar ma ba a san ta ba. Yaro ya tashi da asuba ya ɗauki allo, da hantsi ya je rijiya ya ja guga har tafin hannunsa ya yi kanta, ya koro jaki, ya kai abinci gona, kafin magariba kuma ya shiga daji ya samo itacen da za a hura wutar karatun dare. In damina ta faɗi ga fartanya, in kaka ta yi ga roron gyaɗa da ɗaukar dami. Ranar da jirgi ya shigo kuwa, duk yaron da ya ɗan yi ƙwari yana tasha yana neman dakon da zai samu kwabo ko ahu. Yarinya ita ma ba a bar ta a baya ba, ƙila ma ta fi wahala: surfe da daka, niƙa a kan dutse tana durƙushe, tulu a ka, sa'an nan ta ɗauki faifan talla ta zaga daga unguwa zuwa kasuwa zuwa tasha ta komo, wani lokaci sau biyu a yini. Duk wanda ya taɓa riƙe taɓarya ya daka gero kwano biyu ya san ba ƙaramin aiki ba ne ga kafaɗa da ƙirji.

Wannan dai haka yake ko'ina a ƙasar Hausa. Abin da ya bambanta yaran Nguru da Gashuwa da 'yan uwansu na Kano ko Katsina shi ne ruwa. Kogin Haɗejiya da na Jama'are suna gangarowa daga yamma da kudu, in sun iso ƙasar nan mai shimfiɗe da tuddan rairayi sai su rarrabu rassa-rassa, su malale cikin fadamu, kafin su sake haɗuwa gab da Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke wucewa ta Gaidam ya nufi Tafkin Chadi. Daga wajen watan Agusta ruwa yake cika, ya kwanta wata da watanni, sa'an nan ya riƙa janyewa a hankali yana barin tafkuna da kududdufai cike da kifi.

Yawancin kakanninmu mutanen tudu ne. Tsoron ruwa suke yi, kuma ba su ɓoye ba. Uwa takan shafa ƙafar ɗanta da yamma, in ta ga fatar ta yi fari fat ta san ya je kogi, sai bulala. Amma ina! Yaro yana ganin tsaransa Badawa da Mangawa suna faɗawa ruwa daga kan gaɓa kamar kwaɗi, wa zai tsare shi? A wurinsu yaranmu suka koyi iyo. Da farko a ba ka gora ka rungume ta a ƙirji kana wutsil-wutsil da ƙafa a bakin gaɓa, ana yi maka dariya. In ka ɗan saba sai a janye gorar ba ka shirya ba. Daga nan sai nutso, a jefa dutse ko tsohon gwangwani a ga wanda zai fara cirowa, sai kuma ranar da za ka haye kogi ka dawo ba ka huta ba, wadda yaro ba ya mantawa da ita har ya tsufa. A cikin ruwan nan aka koyi tuƙa kwale-kwale da gwangwala, aka koyi riƙe koma ranar su. Kuma, in za mu faɗi gaskiya, a nan ne yaranmu suka tsinci ɗan Badanci da Barbarcin da suka iya, su kuma 'yan gari suka goge da Hausa. Zumuncin da ke tsakanin wasu gidajenmu da na masu masaukinmu, wanda ya kai har ga auratayya, in ka bi sawunsa sai ka tarar a bakin kogi aka ƙulla shi, tsakanin yara biyu marasa riga. Har yanzu in ka je bikin kamun kifi na Bade a Gogaram, ka ga yadda maza ke rugawa cikin ruwa da gora da koma, to ragowar wancan zamani kake kallo.

Da dare kuma sai dandali, musamman in akwai farin wata. Kowace unguwa da nata. 'Yan mata su yi da'ira su kama gaɗa, ana tafi ana tsalle, ɗaya ta faɗo da baya sauran su cafe ta su cilla sama. Ƙananan yara suna 'yar ɓuya a lunguna. Maza kuwa langa ce sarauniya. Ga wanda bai san ta ba cikin 'yan bana, ga yadda take: ka naɗe ƙafa ɗaya ta baya ka riƙe ta da hannu, ka riƙa tsalle a kan ɗayar, kana ture abokin karawa da kafaɗa ko da hannun da ya rage. Wanda ya saki ƙafarsa ko ya faɗi ya fita. Kowane ɓangare yana da wanda ake kira ruwa, shi ake karewa har ya kai wurin sha. Minti biyar a cikin langa a kan rairayin Nguru ya isa ya sa ƙato haki. Ba a banza ba ne aka shigar da ita cikin wasannin gargajiya na gasar wasanni ta ƙasa, tare da dambe da kokawa.

Kokawa kuwa ta kowa ce, Bahaushe da Bamange da Babade, kuma da kaka ake yin ta, in rumbu ya cika ciki ya ɗauka. Dambe sana'ar mahauta ce tun asali, garin da ya yi suna da cinikin nama kamar Nguru kuwa bai rasa mahauta ba. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun fi mu hangen nesa a nan. Tun 1975 suka mayar da kokawa gasar ƙasa, aka fara a Tawa, ana zagayawa da ita jiha-jiha, wanda ya yi nasara a ba shi takobi. Mu kuwa muka bar tamu a hannun kaka da farin wata, muna zaton ba za su taɓa ƙarewa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa wancan zamani aljanna ne. Ruwan nan da ya gina ƙirjin yaranmu shi ne kuma ya sa musu tsargiya. Da wuya ka sami ɗan bakin kogi na wancan lokaci da bai yi fitsarin jini ba, har wasu suna ɗaukarsa alamar balaga, wai yaro ya zama namiji. Alhali cuta ce. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira cikin 1851. Ga yadda take yawo: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shiga jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa da ke maƙale a ciyayin ruwa, su yi yawa a cikinta, sa'an nan su fito, galibi da tsakar rana, su huda fatar duk wanda ke cikin ruwan. Ba sai ka sha ba, shiga kawai ta isa. Tsakar rana kuwa ita ce lokacin da zafi ke kora yara kogi. Tsutsar takan zauna a jijiyoyin mafitsara shekara da shekaru, tana rage wa yaro jini, tana sa shi kasala a makaranta, in ta daɗe ba magani ta lalata mafitsara, ta taɓa ƙoda. Ga kuma kurkunu, wanda ake sha a ruwan tafki, ya fito a ƙafa daidai lokacin noma ya kwantar da yaro wata biyu. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Alhamdu lillahi wannan kam an gama da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 2013. Tsargiya kuwa tana nan. Ba mu kuma manta da waɗanda ruwa ya ci ba. Kusan kowace tsohuwar unguwa tana da gidan da aka kawo wa gawar yaro a jiƙe.

Wurin da aka fara ware wa yaro fili da sunan wasa shi ne makarantar boko. Zamanin Turawa akwai fareti da guje-guje da tsalle-tsalle, musamman ranar 24 ga Mayu, wato ranar bikin daular Ingila, amma 'ya'yanmu nawa ne a elemantare a lokacin? Sai a 1976, da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa zamanin Janar Obasanjo, yara suka shiga makaranta da yawa. Kowace firamare aka gina sai an bar mata fili mai faɗi, a kafa sanduna biyu nan biyu can. Aka sa darasin wasanni a jadawali, aka riƙa yin gasar gidaje, wadda yara ke kira intahaus, ga kuma maci ranar 27 ga Mayu. Mu da muka yi makaranta a lokacin mun san sau da yawa darasin wasannin nan shara ce da cirar ciyawa, amma dai filin yana nan, kuma da yamma na kowa ne.

A filayen nan tamaula ta kori langa. Da 'yan wasan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka ci kofin duniya a ƙasar Sin a 1985, ba yaron da bai naɗe tsumma ya yi ƙwallo ba. Sa'an nan El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki kofin ƙalubale a 1991 da 1992, muna jin ta tamu ce, don kuwa sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire Jihar Yobe daga Barno. Ba mu da ƙorafi a kan tamaula. Gudu ne mai kyau. Aibinta ɗaya: tana son fili babba, kuma maza kaɗai take ɗauka. Langa da gaɗa ko a ƙofar gida sai a yi su.

Yayin da ake wannan, ruwan kansa yana canzawa. Farin 1972 zuwa 1974 ya zo, na 1983 da 1984 ya biyo baya. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a Jihar Kano, a 1992 aka gama ta Challawa, dukansu a kan ruwan da ke ciyar da Kogin Haɗejiya. Malalar da ake samu kowace shekara ta ragu ƙwarai, a wasu shekarun ba ta kai rabin ta da ba. Wani abin kuma, maimakon kogi ya cika da damina ya bushe da rani kamar yadda ya saba, sai ya zama ana sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Irin wannan ruwa shi kacalla ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta tura shi ta mashigin Marma zuwa tafkin Nguru, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama gidan jan-baki da sauro. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, abin alfahari ne, amma ka je ka duba mashigan da muka koyi iyo a cikinsu. Da yawa ba gaɓar rairayi, sai duhun kacalla da ya fi mutum tsawo da ruwa kwantacce, wanda katantanwar tsargiya ta fi so. Sakamakon haka mun tashi da samari a bakin kogi waɗanda ba su iya iyo ba. Ambaliyar 2022, wadda ta shiga unguwannin Gashuwa ta raba dubban mutane da gidajensu, ta nuna mana wannan ba abin dariya ba ne.

Sauran abubuwan kowa ya gan su da idonsa, ba sai mun ja ba. Cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya cinikin da ya kawo kakanninmu, jirgi ya riƙa ja da baya, dakon tasha ya mutu. Injin niƙa da na surfe suka karɓi aikin turmi. Burtsatse da 'yan garuwa suka karɓi na guga. Acaɓa ya zo, daga baya Keke Napep, har ya zama yaron da za a aika sayen magi sai ya nemi kuɗin mota. Ba mai hankalin da zai ce a mayar da 'yarsa kan dutsen niƙa, mu ma ba mu ce ba. Sai dai kowane inji da ya shigo ya ɗauke wani motsi daga jikin yaro, mu kuwa ba mu lura ba balle mu mayar masa da wani. Finafinan bidiyo na Hausa suka fara a 1990, wayar salula ta zo a 2001, gidajen kallon ƙwallo suka buɗe a kowane lungu. Yanzu saurayi ya san sunan mai tsaron gidan Arsenal da na Barcelona, ya yi awa biyu a kan benci yana ihu, shi kuwa rabonsa da ya yi gudun da zai yi gumi tun yana firamare.

Dandali kuwa hannu biyu ne suka rufe shi, ɗaya namu ne. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 wa'azi ya yi ƙarfi a kan cuɗanyar samari da 'yan mata da dare, kuma akwai gaskiya a ciki, don ba duk abin da ake yi a bayan dandali ne za a faɗa a gaban surukai ba. Muka hana, muka mayar da yara Islamiyyar dare. Madalla. Amma da muka hana gaɗa, me muka ba yarinya a madadinta? Hannu na biyu shi ne tashin hankalin Boko Haram. Aka sa dokar ta-ɓaci a Yobe cikin Mayun 2013, ga dokar hana fita, ga shingaye. Aka kai hari makarantu a Mamudo da Gujba da Buni Yadi da Potiskum, aka tayar da bam a wurin kallon ƙwallo a Damaturu cikin Yunin 2014, sa'an nan ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar Dapchi, wadda ke kan hanyarmu ta zuwa Damaturu. Nguru da Gashuwa ba su sha abin da wasu garuruwa suka sha ba, amma tsoro ba ya tambayar nisa. Kowane uba ya ce a shige gida kafin magariba. Yaran da aka haifa a shekarun nan sun girma ba su san ana wasa a waje da dare ba, kuma da lafiya ta samu ba a koma ba.

'Yan mata su suka fi asara. Namiji ko ba komai yana da tamaula. Yarinyar gidan da ke da ɗan hali, wadda ba ta talla, in ta kai shekara 11 ko 12 to ta gama gudu ke nan a rayuwarta. Daga ɗaki sai Keke Napep, sai benci a aji, sai tabarma a Islamiyya. In ta yi tsalle a tsakar gida a ce ba ta da kamun kai. Alhali malamanmu da kansu suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya shi ma ya tsere mata.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A 2019 masana na Hukumar Lafiya ta Duniya sun fitar da sakamakon binciken da ya shafi 'yan makaranta miliyan 1.6 masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146. Suka tarar kashi 81 cikin 100 ba sa motsa jiki yadda ya kamata, mata kashi 85, maza kashi 78. Abin da hukumar ta ce ya kamata, a ƙa'idojinta na 2020, shi ne yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu kimanin minti 60 kowace rana yana motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga, kuma aƙalla kwana 3 a mako ya yi irin wanda ke ƙarfafa tsoka da ƙashi, wato gudu da tsalle da kokawa. Ka ga ke nan langa da gaɗa suke nufi, ba su dai san sunansu ba. Dalilin kuwa, ƙashi yana ƙarfi ne in ana dira a kansa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ƙashin mutum kafin ya cika shekara 20 yake tara shi. Abin da yarinya ba ta tara ba a lokacin, ba za ta same shi ba ranar da ciki da goyo suka zo suna ɗiba. Haka nan zuciya da huhu, haka barci, haka natsuwa a aji. Wanda ya saba da zama tun yana yaro kuma shi ya fi kusa da hawan jini da ciwon sukari in ya girma. Ba mu ce rashin wasa ne ya kawo ciwon ƙodar da ya addabi Gashuwa ba, kada a ɗora mana. Amma likitoci ko'ina sun yarda hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, mutanen da ke kai 'yan uwansu wankin ƙoda kuwa bai kamata su ƙara wa kansu wata hanyar ba.

Sai dai a yi hattara, yaranmu iri biyu ne, kuma sau da yawa katanga ɗaya ce tsakaninsu. Akwai wanda zama ya yi wa yawa. Akwai kuma almajirin da ke yawo tun safe da roba a hannu, da yaron da ke tura kurar jarka goma sha biyu cikin zafin Afrilu da ya haura digiri 40, da 'yar tallar da ba ta karya ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Yobe 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci. Wannan yaro ba wa'azin motsa jiki yake bukata ba, tuwo yake bukata da hutu. Wahala daban, wasa daban. Kakanninmu sun haɗa wa 'ya'yansu biyun, mu kuwa mun raba: ɗan talaka ya ɗauki wahalar ba wasan, ɗan mai hali ya rasa duka.

To, mu koma kan filin da muka fara da shi. Tun da aka yi jiha, ƙasa ta yi daraja. Gashuwa ta samu jami'ar tarayya a 2013, ga waɗanda rikici ya koro sun zo sun zauna, kowa yana neman inda zai kafa tubali. A kan idonmu aka gutsure filayen wasu makarantu, yau a ce shaguna ne za su kawo wa makaranta kuɗin shiga, gobe a ga gida ya tsiro a inda ragar gola take. Makarantun kuɗi da yawa kuwa a gidan haya suke, tsakar gidan ba ta isa a shanya tabarma uku ba, amma muna biya muna murna. Mu da muke baƙi mun fi kowa saurin sayen fuloti, don haka in ana neman wanda ya cinye dandali kada mu duba nesa.

A ƙarshen gardamar ranar nan an tsayar da abu uku. Za a tura dattawa su gana da mai unguwa da hakimi, cikin ladabi kamar yadda muka saba da masu masaukinmu, a nemi a rubuta filin nan da sunan yaran unguwa duka, namu da nasu, a sa hannu a buga hatimi, don maganar baka ba ta hana awo. Za a roƙi masu Islamiyyun da ke da katanga su buɗe wa 'yan mata harabar ranakun Alhamis da Juma'a da yamma, ƙarƙashin kulawar malamai mata, a sayo igiyar tsalle da ƙwallo. Sa'an nan duk ranar da ma'aikatan lafiya suka zo makaranta da sandar awon tsawo suna raba maganin tsargiya, wato praziquantel, kada wani uba ya hana ɗansa, a dai tabbatar ya ci abinci kafin ya sha. An kawo maganar koyar da iyo, amma ba a daidaita ba, domin masu cewa a nemi masunta Badawa su koya wa yara a mashigi mai gudu da sassafe sun yi karo da iyayen da ba sa son jin sunan kogi ko kaɗan. An ɗage ta zuwa zama na gaba. Dattijon nan mai keke ya yi alkawarin zai zo filin ran Alhamis ya nuna wa yara yadda ake kama ƙafa a langa, amma ya roƙi arziki kada a ce sai ya yi tsallen da kansa.